Injiniya Seini da Sifikokin Aro

Seini ɗan kamasho ne a tashar Race Course, aikinsa kiran fasinjan Tamale tun safe har rana ta take. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, zai ce maka shi injiniyan sauti ne, kiran fasinja kuwa don motsa jiki yake yi. Ya taɓa yin wata huɗu a Accra, kuma tun da ya dawo Aboabo mai kayan sauti bai sake yin aiki cikin kwanciyar hankali a unguwar ba. Seini zai zo ya tsaya masa a ka, hannu a aljihu, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce gangar ta yi kauri da yawa, ko ya ce da a Accra aka yi irin wannan haɗi da tuni an sallami mutum. Ba wanda ya taɓa ganin ya jona ko da kebul ɗaya da hannunsa.

Ana haka sai matan da ke sayar da koko da ƙosai a unguwar suka zaɓi yayarsa Adizatu ta zama magajiyarsu. Shekara ashirin da biyu tana dama koko a bakin titi, kuma wannan naɗi shi ne karo na farko da za a tara mata jama'a don ita kaɗai. Aka sa ranar Lahadi bayan azahar, a filin da ke jikin injin niƙa. Sarkin unguwa da kansa ya ce zai zo ya ɗaura mata gyale.

Adizatu ta riga ta yanke cewa Rahim za ta kira, mai ba da hayar kayan sauti, wanda kowace safiya a wajenta yake karyawa. Da Seini ya ji labari ya zo ya same ta tana tankaɗe, ya zauna kan turmi ya yi fuskar wanda aka ci wa mutunci. Ya ce yanzu a ce yana raye, uwa ɗaya uba ɗaya, a je a ɗauko bare? Ya ce mutane za su ce ko ba ta yarda da jininta ba ne. Ya ce in ta bar masa aikin, ranar nan mutanen Kwadaso da ke can wancan ɓangaren gari za su fito ƙofar gida suna tambayar wa ake naɗawa.

Adizatu ta ce ita ba ruwanta da mutanen Kwadaso, waɗanda ke kan benci na baya su ji ya ishe ta.

"Yaya, ke dai koko kika sani," in ji Seini. "Bar wa masu ilmin abin."

Adizatu ta ci gaba da tankaɗenta. Ƙaninta ne, ita ta goye shi, kuma ta san in ta hana shi sai ya shekara yana faɗi. Daga ƙarshe ta ce to, amma ya ji tsoron Allah.

Matsala ɗaya ce: injiniya ba shi da ko sifika guda. Ranar Asabar ya ɗauki hayar aboboya, wato babur ɗin nan mai bodi a baya, ya shiga zagaye gari yana aro.

Ya fara da Malam Idirisu, shugaban makarantar Arabiyya ta layinsu. Malam ya buɗe masa sito ya nuna masa manyan sifikoki biyu baƙaƙe da suke amfani da su ranar sauka, da wani akwatin ƙarfe mai nauyi a gefensu. Ya ce wannan shi ne amfilifaya, kuma waɗannan biyun ba sa magana sai da shi. Seini ya gwada ɗaga akwatin, ya ji bayansa ya amsa, sai ya ajiye ya ce ai wannan ƙarfen zamanin da ne, yanzu duniya ta wuce nan. Malam ya ce shi dai abin da ya sani ya faɗa. Seini ya loda sifikokin ya bar akwatin.

Daga nan ya je shagon Sheriff mai aski, ya aro ƙaramar sifikar da yake sa wa kwastomomi kiɗa, mai haɗuwa da wayar hannu ba tare da kebul ba. Sheriff ya raka ta har bakin aboboya yana shafa ta, ya ce ko matarsa bai yarda ta goge mata ƙura ba.

Na ƙarshe shi ne Rahim. Ya ji zafin ƙwace masa aiki, amma saboda darajar Adizatu ya ba da sifika ɗaya daga cikin sababbinsa, da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, da makirfo. Ya leƙa bodin aboboya ya ga abin da aka tara, sai ya ce wa Seini ya tsaya ya ji, don iri uku ya haɗo kuma kowace da halinta. Ya dafa na Malam ya ce waɗannan su ake kira fasif, ba inji a cikinsu, ba a kai su wuta ko kusa, daga amfilifaya kawai suke cin abinci. Ya nuna ta Sheriff ya ce wannan mai fawa ce, amfilifayarta na cikinta, wutar bango kawai take so. Sannan ya dafa tasa ya ce wannan aktif ce, ita ma a bango ake jona ta, amma injinta biyu ne, ɗaya na babban baki mai kaurin sauti, ɗaya na ƙaramin baki mai siririn sauti, kuma tana raba sautin tun kafin ya kai gare su. Daga mikisa kai tsaye za a ba ta, kada a kuskura a haɗa ta da amfilifaya.

Duk wannan bayani Seini yana duba gemunsa a madubin babur. Da Rahim ya dire, ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa.

"Abokina, lokacin da nake haɗa sifika talatin a fili ɗaya kai kana koyon naɗe kebul. Sifika ai sifika ce."

Rahim ya ce to Allah ya ba da sa'a, shi gobe yana da suna a Kwadaso tun safe.

"Madalla, za ka ji mu daga can," in ji Seini.

Ranar Lahadi tun hantsi aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba. Mata suna ta suya a gefe, an cika firiza da sobolo, wato zoɓo. Seini ya iso sanye da baƙin tabarau da wata riga mai aljihu takwas, ya sa sukurudireba a bayan kunne. Ya fara da sifikar Rahim don ita ce a saman kaya. Ya jona ta a wuta, ya haɗa ta da mikisa kamar yadda ramukan suka nuna, ya hura makirfo. Murya ta fito tar, har bencin ƙarshe. Kausara, sakatariyar ƙungiya, ta ɗago daga kaskon ƙosai ta ce ai shi ke nan an gama, kuma kayan Rahim ba sa ba da kunya.

Wannan kalma ita ta ɓata komai. Seini ya ji in ya tsaya a nan, sunan Rahim za a kira, ba nasa ba. Ya ce wannan gwaji ne kawai, aikin bai ma fara ba.

Ya jawo manyan sifikokin Malam ya ɗora kan tebur biyu, ya jona su da mikisa, ya murɗa komai har ƙarshe, ya ce ɗaya biyu, ɗaya biyu. Shiru. Ya kara kunne jikin ɗaya, ya ji wata 'yar murya can ciki kamar sauro ya faɗa kwalba. Matan suka fara kallon juna. Wata ta ce ko sifikokin makaranta ne shi ya sa suke da kunya. Wata ta ce a'a, sun saba da karatu, ba sa amsa wa wanda bai yi alwala ba.

Seini ya zagaya bayan sifikar ya yi nazari. Sai ya buga cinya. Ya gano matsalar: ta Rahim tana da igiyar wuta, ta Sheriff tana da igiyar wuta, waɗannan kuwa babu. Ya sanar wa matan cewa Malam tsufa ya kama shi, ya manta bai ba da igiyoyin ba, amma ba komai, injiniya ba ya rasa dabara. Ya ga dutsen gugar da Kausara ta kawo don goge gyalen naɗi, kafin ta ankara ya yanke igiyarsa da wuƙar yanka albasa. Ya fere bakin da haƙori, ya murɗa sili ɗaya a jar ƙusar da ke bayan sifikar, ɗaya a baƙar. Kausara ta zo tana faɗa a kan dutsenta, ya ce ta ja baya, nan ba wurin mata ba ne. Ya cusa a soket.

Sifikar ta yi magana, kuma sau ɗaya ta yi. Wani irin gurnani ne mai kauri wanda ya sa cokula rawa a cikin faranti, ya kori tantabarun layin gaba ɗaya, ya sa wata tunkiya da aka ɗaure don yanka ta tsinke igiya ta bi ta ƙarƙashin rumfa da kujeru uku a wuyanta. Sai ƙara ta ɗauke, hayaƙi fari ya fito ta ragar gaba a hankali, wutar gidan da aka jawo layi daga ciki ta mutu, firizar sobolo ta yi tsit.

Adizatu ta fito daga ɗaki da lalle a ƙafa, tana takawa da dunduniya. Ta tambayi me ya fashe. Seini ya ce ba abin da ya fashe, sifikar ce dama ta daɗe da ciwo a ciki, shi ya taimaka ya fito da shi fili, kuma Malam ma zai gode masa. Ta ce warin fa? Ya ce warin ƙosan Kausara ne. Kausara ta ce ita shekara goma sha biyar tana suya, ƙosanta bai taɓa warin taya ba.

Maigidan da aka jawo wutar daga wajensa ya fito ya mayar da ita yana gunaguni, ya ce in aka sake, sai dai a yi naɗin da fitilar ƙwai. Aka kamo tunkiya a bakin kwata. Seini kuwa ya tuna da akwatin ƙarfen da ya raina. Ya tari babur ya koma makaranta. Malam Idirisu yana shirin fitowa, don shi zai buɗe taron da addu'a, ya tambaye shi yaya sifikokin. Seini ya ce lafiya lau, ɗaya ma har ta fi ƙarfin wurin an kashe ta ta huta. Ya rungumo amfilifayar a cinya, mai babur yana ta ƙorafin cewa da ya san ƙarfe ne da bai tsaya ba.

Da ya dawo, sifikar Malam ɗaya da ta rage tana zaune tana jiran abin da aka ƙera ta dominsa. Da ya haɗa su, da labari ya ƙare a nan. Amma Seini ya tsaya ya yi lissafi irin nasa. Ya ce ta Malam ba ta da inji, in ya ba ta amfilifaya inji ɗaya ke nan. Ta Rahim kuwa tana da biyu a ciki, in ya ƙara mata wannan sun zama uku. Wane mahaukaci ne zai zaɓi ɗaya ya bar uku? Ya ga kansa gobe a tasha yana ba da labarin yadda aka ji naɗin Aboabo a Kwadaso.

Bakin kebul ɗin bai shiga ramin ba, don masu ƙera abin sun yi haka da gangan. Seini ya yanke kebul ɗin Rahim gida biyu ya yi haɗin gambiza, ya naɗe da ledar biredi. Ya kunna. Ya ɗauki makirfo ya gyara tsayuwa, ya ce, "Jama'ar Kwadaso, barkanku da..."

Sifikar ta yi wani ƙugi mai tsini kamar ana jan kwano a kan siminti, jarirai biyu suka fashe da kuka, 'yar fitilar da ke bayanta ta koma ja, ta lumshe, ta mutu. Wannan karon hayaƙin kaɗan ne, amma warin ya fi na farko.

Daidai lokacin baƙi suka fara cika kujeru. Matan ƙungiya sun shigo cikin anko ruwan goro, Malam Idirisu ya zauna a sahun gaba yana leƙen sifikarsa da aka lulluɓe da zanen tebur. Can sai ga Sarkin unguwa da dattawansa. Adizatu ta fito cikin leshi, ta zauna, ta aiko wa ƙaninta da kallo guda wanda ya fahimta sarai.

Abin da ya rage a hannun Seini mai rai shi ne 'yar sifikar Sheriff. Ya jingina ta jikin bangon injin niƙa, ya haɗa ta da wayarsa ya sa kiɗa don a rage lokaci. Makirfo kuwa ba hanyar haɗa shi da ita, domin kebul ɗin da zai yi wannan aiki shi ne wanda ya yanka. Gumi ya jiƙa aljihu takwas ɗin nan duka. Ya ce wa Kausara zai je ya duba wani abu a layin wuta, ya zagaya ya shige ɗakin injin niƙa, inda mai niƙa yake ta aikin gero, don ya san a cikin wannan ƙara ba mai jin abin da zai faɗa.

Ya kira Rahim bai ɗauka ba. Sai ya danna saƙon murya. Saboda ƙarar inji dole ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. Ya aika, ya jira. Ba a jima ba amsa ta shigo. Ya danna, bai ji komai ba. Ya ɗauka injin ne ya danne, ya ƙure ƙarar wayar har ƙarshe, ya sake dannawa, yatsansa mai gumi ya sauka kan nasa saƙon.

A waje kiɗa ya tsaya, wata murya ta fara salati ta katse. Sarki ya gyara zama yana zaton za a fara. Sai muryar Seini ta fito daga sifikar Sheriff, da ƙarfin da Sheriff kansa bai san tana da shi ba.

"Rahim, don girman Allah ka rufa min asiri. Na ƙona ta Malam, na ƙona taka. Wallahi ban san komai a kan sifika ba. A Accra dako kawai na yi, ni nake ɗaukar kayan daga mota in kai fili, kwana tara aka kore ni. Kada ka gaya wa Yaya."

Wayar ta zarce da kanta zuwa amsar Rahim. Ya fara da salati mai tsawo a kan sifikarsa, sannan ya ce yanzu ba lokacin faɗa ba ne, saboda Adizatu. Ya ce a cire amfilifaya daga jikin tasa, a ɗauki ɗan gajeren kebul da ke cikin jakar mikisa a haɗa mikisa da amfilifaya, sannan daga amfilifaya zuwa sifikar Malam da ta rage, ja da ja, baƙi da baƙi, kuma kada ta ga soket ko a mafarki. Ya rufe da cewa in da hali a samu wani ya yi, ba Seini ba.

A cikin ɗakin niƙa Seini bai ji ko harafi ba. Ya girgiza wayar, ya hura mata iska, ya sake dannawa daga farko. Jama'a suka sake saurara. Ya kuma dannawa. A karo na uku matan ƙungiya suna bin sa baki ɗaya kamar amshi, har zuwa "kada ka gaya wa Yaya".

Da ya fidda rai, ya kakkaɓe garin gero daga rigarsa, ya mayar da tabarau, ya fito da takun manya. Ya tarar da fili tsit, ido ɗari biyu a kansa. Ya ɗauka jiransa ake. Ya rusuna wa Sarki ya ce a gafarce shi, yana magana ne da abokan aikinsa na Accra, sun tabbatar masa matsalar daga kamfanin da ya ƙera kayan ne.

Sarki ya tambaye shi a natse, abokan aikin nan na wajen lodi ne ko na wajen saukewa?

Fili ya ɗauka. Dattawa suna dariya suna riƙe rawani, wata mata ta sulale daga kan kujera, mai niƙa ya kashe inji ya leƙo ya ga ko lafiya. Seini ya juya ya ga 'yar fitilar sifikar Sheriff tana ƙifta shuɗi, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya sake duban sifikar. Sheriff ya taso daga cikin baƙi, ya zare sifikarsa daga wuta, ya koma kujera ya ɗora ta a cinya ya rungume.

Adizatu ba ta yi dariya ba. Ta kira shi da hannu, ya matso, ta ce a hankali, "Seini, an riga an gaya wa Yaya. Je ka zauna can kusa da tunkiya, kada ka taɓa ko cokali."

Kausara ta goge hannu a zane. Ta ce bayanin da aka ji sau uku ko kurma ya haddace. Ta zaro gajeren kebul daga jaka, matan suna tuna mata daga kujeru, ja da ja, baƙi da baƙi. Ta kunna amfilifaya ta ce assalamu alaikum, sai sifikar Malam ta amsa da murya cikakkiya har bakin titi. Malam Idirisu ya buɗe taro da addu'a, kuma da ya zo wajen neman tsari daga sharrin wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba, amin ɗin da aka yi ta fi ta kowane wuri ƙarfi. Sarki ya ɗaura wa Adizatu gyale, wanda ba a samu gogewa ba, aka yi guɗa, ta yi jawabinta, waɗanda ke kan benci na baya suna ji.

Bayan la'asar ana watsewa, Malam ya biyo ta gaban Seini ya ce ya same shi a makaranta gobe, ya zo da sifikar da ta tafi hutu. Seini yana zaune yana tunanin ta wace hanya zai bi gobe zuwa tasha ba tare da ya ratsa layin masu koko ba, sai ga Mma Rakiatu tana dogara sanda, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ƙungiyar, wadda sai an yi mata ihu a kunne take ji. Ta kama hannunsa ta yi ta sa masa albarka. Ta ce shekara goma rabon da ta ji magana a taro, amma yau tasa ta shige ta tar, kalma bayan kalma.

Seini ya ɗan miƙe wuya. Ya dubi na kusa ko sun ji, ya ce ai Mma aikin sauti haka yake, sai wanda ya san kansa.

"Shi ya sa na ce bari in same ka," in ji tsohuwar. "Tun da dako ka iya, ga buhun gerona can bakin injin. Gidana ba nisa."